Takalmi na Talatin da Ɗaya

Duk wanda ya zauna a tsohuwar kasuwar Halab a shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin Turawa na biyu ya san Hikmat mai ɗinkin littattafai, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn mutumin nan mai tafiya kai a sunkuye, wanda in ka yi masa sallama sai ya amsa wa ƙafarka. Baƙi suka ce girman kai ne, 'yan kasuwa suka ce taɓin hankali ne. Duk shirme suke faɗa. Takalma yake dubawa, kuma yana da dalilinsa.

Abu Nazmi muke kiransa, da sunan ɗansa na fari. Rumfarsa gado ce, 'yar matsattsiya, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje. Limamai na kawo masa littattafansu da suka yage, malaman coci na kawo nasu, malaman Yahudawa ma haka, kowa ya karɓi nasa da sabon bango ya tafi. Ba ya karanta na waɗancan, bai ma iya ba. Yadda aka jera masa shafuka haka yake ɗinke su.

Bangon littafi kuwa da tsofaffin takardu ake yin sa. A shafa kullun alkama, a ɗora takarda a kan takarda, a danne da dutse har ya bushe ya zama kwali mai ƙarfi, sannan a rufe da fata. Mahaifinsa ya bar masa doka ɗaya tak: kowace takarda sai an karanta ta kafin ta taɓa kullu. In da sunan Allah a jiki, a ware ta, a ƙone, a zuba tokar a kogi. Hikmat yana saurayi ya taɓa tambaya, "To Baba, wadda ban iya karantawa ba fa?" Tsohon ya ce, "Wannan ba ruwanka da ita." A kan wannan amsa aka yi shekara talatin ana aiki.

Bayan rumfa da dokar, abin da ya gada sai jan takalmin Juma'a na tsohon. Wannan takalmi ko matarsa Wajiha ba ya yarda ta taɓa. Shi ke goge shi, shi ke naɗe shi a ƙyalle, kuma ba ya sa shi sai daga gida zuwa masallaci.

Mutum ne da bai san zama ba tun fil azal. In yana shan gahawa ƙafarsa na rawa, in ya hangi takarda a ƙasa sai ya tsallake jakuna ya ɗauko ta. Maƙwabcin rumfarsa, Na'um baduku, Kirista ne, ƙato mai son barkwanci, kuma su biyun sun fi shekara ashirin suna gardamar addini ba wanda ya kayar da wani, ba kuma wanda ya fasa cin zaitun ɗin ɗan'uwansa.

Lokacin yaƙi takarda ta yi wuya, fata ma ta yi wuya. Wani dillalin tsummoki ya kawo wa Hikmat buhu guda na takardu da aka kwaso daga gidan wani mamaci, duk da haruffan nan na Yahudawa masu kusurwa-kusurwa. Hikmat ya duba, bai ga harafi ɗaya da ya sani ba, ya yi hamdala ya dama kullu. Da aka yanke bango, Na'um ya roƙi guntattakin. Ya ce zai riƙa cusa su tsakanin fatar tafin takalmi biyu, su ƙara kauri. Hikmat ya ce, "Kwashe, ka rage mini shara."

Kusan shekara guda bayan haka, wata ranar Talata da hantsi, sai ga Shihada ya shigo layin ba takalmi a ƙafarsa. Shihada shi ne mai share majami'ar Yahudawa da kunna fitilunta, dattijo mai taka-tsantsan, wanda ko kazar gidansa ba ta taɓa ganin tafin ƙafarsa ba. Ya riƙo takalminsa da hannu biyu a naɗe cikin rawaninsa. Ya ajiye a kan teburin Na'um, ya buɗe. Tafin ya ɗare, kwalin ciki ya ɓare, ga rubutu nan a fili.

Ya ce, "Na'um, ina ka samo wannan?"

Na'um ya nuna rumfar Hikmat da basilla. "Wajen malaminmu. Me ya faru, ya cije ka ne?"

Hikmat ya leƙo da kullu a hannu. "Tsohuwar takarda ce, Shihada. Me aka rubuta a ciki?"

"Ba zan iya faɗa maka ba."

"Au, kai ma ba ka iya karatun naku ba?"

"Na iya. Ba a faɗa ne." Ya kai yatsa kusa da wasu haruffa huɗu, bai taɓa su ba. "Wannan Sunan ne, Abu Nazmi. Wata tara ke nan ina taka shi."

"Sunan wa?"

Shihada ya ɗaga ido sama, inda haske ke shigowa ta rufin kasuwa, sai hawaye suka gangaro masa cikin gemu.

Abin da ya fara zuwa bakin Hikmat shi ne, ai naku ne, ba namu ba. Ya buɗe baki zai faɗa, maganar ta ƙi fita. Ya koma rumfa ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Ko wanke hannu bai yi ba har kullun ya bushe a yatsunsa.

Bayan la'asar ya tare Shehi Badaruddin, limamin unguwarsu, a bakin masallaci. Gaskiya ba fatawa ya je nema ba, mafita ya je nema. So yake a ce masa wancan suna na wani ne daban, ya koma gida ya ci abincinsa. Ya zayyana komai, ya ƙare da cewa, "Ai su da mu ba ɗaya ba ne, ko Shehi?"

Liman ya dube shi. "Wa ya yi magana da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi?"

"Allah."

"To mutanen Musa da wane rubutu kake so su rubuta sunansa, da na mutanen Halab?"

Liman bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Mun saɓa da su a abubuwa da yawa, kuma ba zan ɓoye maka ba. Amma wanda ya halicce su shi ya halicce ka, babu wani na biyu da za a ce nasu ne. Kai dai ba ka da laifi, ba ka sani ba. Je ka huta."

"Jiya ban sani ba, Shehi. Yau fa? Yanzu haka da muke tsaye wani na can yana takawa."

Liman ya ce, "Kai ka cika ɗora wa kanka kaya." Ya wuce ya bar shi a tsaye.

Washegari Hikmat ya tsare Na'um sai ya tuno kowane takalmi da ya cusa wa kwalin nan. Na'um ya yi ta ƙirga da yatsu, yana zagin ƙwaƙwalwarsa, har aka tsaya a talatin da ɗaya. Talatin sababbi ne, ya san masu su ko aƙalla unguwarsu. Ɗayan kuwa gyara ne. Ya ce, "Wata mata ce ta kawo, cikin baƙin lulluɓi har fuska, irin naku. Takalmin namiji ne. Ta tsaya na ɗinke ta tafi. Ka ce in gane ta? Ko kai da ta gifta ta gabanka ba za ka san matarka ce ko uwar matarka ba."

Daga ranar Hikmat ya shiga farauta. Ya bi mai sayar da sabulu har bayan shago ya sa shi ya tuɓe. Ya dira gidan wani ango ana tsakiyar walima. Ya hau jaki yini guda zuwa wani ƙauye saboda wani mai kiwon tumaki, ya tarar mutumin ya ba ƙaninsa takalmin, ƙanin kuma ya tafi wani ƙauyen. Ran Lahadi yana bakin coci yana kallon ƙafafu, ran Asabar yana kan hanyar majami'a. Ran Juma'a kuwa sai ya makara da gangan, ya tsuguna a inda masallata ke zube takalmansu yana juya su ɗaya-ɗaya, nasa jan takalmin a hammata. Sau biyu aka kama shi a matsayin ɓarawon takalma. Na biyun sai da ya sha mari kafin wani ya gane shi. Abin haushi, wanda ya mare shin bai taɓa sayen komai a wajen Na'um ba.

Duk wanda aka samo, Na'um ne ke farke tafin ya zare kwalin ya mayar da fata, yana mita. Shihada kuma ya karɓa da hannu biyu ya sa a wani tulu, domin su ba sa ƙone takardar da ke da Sunan, binne ta suke yi a maƙabarta kamar mutum. A wannan zaman farke-farke ne su ukun suka riƙa yin maganar da ba su taɓa yi ba.

Wata rana Hikmat ya ce, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, Shihada, yaya mutum zai bauta wa wanda ba ya kiran sunansa? Mu ko tuntuɓe muka yi sai mun kira shi."

Shihada ya ce, "Shi ya sa kuke kiransa a kan farashin albasa." Na'um ya fashe da dariya. Dattijon ya ci gaba a hankali. "Kakanninmu na farko suna ce masa Ubangijin Ibrahim, kamar na gidanmu ne mu kaɗai, yana da ɗakinsa a gari ɗaya. Sai da aka rushe ɗakin, aka kora mu ƙasar wasu, muka waiwaya muka tarar ya riga mu isa can. A nan muka gane ashe na kowa ne da ko'ina. Da muka ga girman nan sai bakinmu ya ji tsoron sunan."

Na'um ya ciji zare. "Ku kun ji tsoro kun ja baya, mu kuwa cewa muka yi shi ya matso. Uba muke ce masa. Muka ce ya zo cikinmu, ya ji yunwa, ya yi tafiya da ƙafa har ta yi kanta."

Hikmat ya ce, "Allah ya tsare ni. Ya fi ƙarfin haka, Na'um. Ba shi da ɗa, ba shi da tamka, kuma ba sai ya sa takalmi ba kafin ya san zafin ƙasa."

"Na sani, na sani, shekara ashirin kana gaya mini. Miƙo mini wancan."

"Kuma da ka ce uku..."

"Ɗaya na ce, kai ne ba ka saurara. Miƙo takalmin, malam."

Shihada ya ce, "Ku dai yi a hankali da wuƙar nan, kada ku yanka harafi." Na'um ya rage gudun hannunsa, kuma tun daga ranar ya daina sa kwalin a kan cinyarsa, sai a kan tsabtataccen ƙyalle.

Hikmat ya koma gida ran nan kansa na juyawa. Bai sauya ko ƙwayar zarra a imaninsa ba, su ma ba su sauya ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne, mutum uku sun zauna ba su yarda da juna ba a kan ko wane ne Shi, amma duk ukun suna lallaɓa guntun kwali ɗaya.

A gida kuwa Wajiha ta gaji. Ta ce, "Abu Nazmi, an ce yau ma an gan ka a ƙofar coci kana leƙen ƙafafun mutane. Liman ya ce ba ka da laifi, kai ka fi liman sani ne? 'Yan'uwana sun fara tambaya ko lafiyarka ƙalau." Tun yana ba ta amsa har ya daina. Bai ƙara gaya mata komai a kan takalma ba, ita ma ta daina tambaya, kowa ya riƙe nasa a ciki.

Cikin shekara biyu da 'yan watanni aka samo talatin cif. Ɗaya a juji aka tono shi, Hikmat ya yi kuka ran nan kamar an yi masa mutuwa. Saura na matar nan mai lulluɓi. Ina zai fara? Garin da rabin matansa baƙin lulluɓi suke sawa, kowace kuma da miji ko uba ko wa. Ya rame, ya riƙa ɗinka shafuka a juye, abin da bai taɓa yi ba. Ko a salla, in ya yi sujada sai ya ji kamar ƙarar takun wani a kunnensa.

Sai aka raba Falasɗinu, garin Halab ya yamutse, aka cinna wa majami'ar Yahudawa wuta. Ba zan tsaya a kan wannan ba, raina ɓaci yake yi. Yahudawan Halab suka fara sulalewa gida-gida, waɗanda suka rage suka kulle ƙofofinsu ba sa buɗe wa baƙo. Kafin Shihada ya tafi, ya zo da tulun nan a cikin kwandon kayan miya, ya ce Hikmat ya raka shi. Suka je maƙabartar Yahudawa da rana tsaka, suka haƙa rami a gindin katangar gabas kusa da wani ɓaure, suka binne talatin ɗin.

Shihada ya ce, "In ka samu na ƙarshen, nan za ka kawo shi. Ba na jin za ka same ni."

"Me zan karanta a kai? Ban san addu'arku ba."

"Ba zan koya maka tawa ba, kai ma ba za ka yarda ka yi ta ba. Ka dai kawo shi." Ya riƙe hannun Hikmat ya daɗe bai saki ba. "Ka ci abinci, Abu Nazmi, ka zama kamar basillar Na'um."

Ba a ƙara jin labarinsa ba. Hikmat ya ci gaba da sunkuyar da kai. A duk harshen Yahudawa haruffa huɗu kaɗai ya iya ganewa, su ma bai san yadda ake furta su ba, amma ko a cikin barci aka nuna masa zai shaida su.

Shekara biyu bayan tafiyar Shihada, wata Juma'a ta hunturu, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Hikmat ya dawo daga masallaci cikin taɓo, ya ji ƙafarsa ta dama tana faɗa-faɗa. Ya zauna a tsakar gida ya cire jan takalmin mahaifinsa don ya duba. Tafin ya buɗe baki. Ya sa yatsa ya ɗaga fatar, sai ga jiƙaƙƙen kwali yana ɓarewa falle-falle, ga haruffan nan huɗu suna kallonsa.

Wajiha ta fito daga madafa da kwanon miya, ta gan shi, ta ga takalmin. Ta ajiye kwanon a ƙasa.

Ya ce, muryarsa can ƙasa, "Wa ya kai wannan wajen Na'um?"

"Ni ce." Ta zauna a kan dakali. "Lokacin yaƙi. Na ga tafin ya cinye, kai kuma ka ce kada a taɓa. Na ce in ya tsage a ƙafarka ranka zai ɓaci, sai na kai a ɓoye, ban ko yi masa magana da muryata sosai ba don kada ya gane ni. Wallahi na zaci ɗinki kawai ya yi. Ba ka taɓa gaya mini akwai na gyara a ciki ba."

Gaskiya ta faɗa, bai taɓa gaya mata ba. Ya zauna yana kallon takalmin. Kowace Juma'a ta shekarun nan shi ne ke takawa, daga gida zuwa ɗakin Allah, sannan ya soke shi a hammata ya tsuguna yana binciken na bayin Allah. Wajiha ta jira ya yi faɗa. Da ya yi faɗan ma da ta fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "Ba ni farin ƙyallen nan na cikin akwati."

Ya zare kwalin ƙafa biyun da kansa, a hankali, ya naɗe. Ta miƙo masa wani takalmi, ya girgiza kai. Haka ya fita ba takalmi cikin sanyi da taɓo, ƙunshin a hannu biyu. Da ya gifta ta layinsu Na'um ya ɗago zai yi masa tsiya, ya ga ƙafafun, ya ga ƙunshin, sai ya ajiye basilla ya ɗauki 'yar shebur ɗin da yake kwashe toka da ita ya bi bayansa. Suka nufi maƙabartar Yahudawa.

Ciyawa ta rufe gindin katangar, amma ɓauren na nan. Na'um ya haƙa, Hikmat ya durƙusa ya sa ƙunshin, ya mayar da ƙasa da tafin hannunsa. Na'um ya ja gefe ya yi tasa addu'ar a ransa. Hikmat ya ɗaga hannu. Mutumin da ke kiran sunan Allah sau ɗari kafin azahar, ya buɗe baki ya rasa ta inda zai fara. Sunayen da ya haddace tun yana ƙarami duk suna nan a harshensa, wanda ya binne kuwa bai san yadda ake faɗarsa ba, mai faɗa masa ma ya tafi, kuma ko yana nan ba zai faɗa ba.

Can ya ce, "Ya Allah, kai ka san sunanka. Ni ne na taka. Ka yafe mini."

Suka juyo. A bakin ƙofar maƙabarta Na'um ya tuɓe nasa takalmin ya tura masa, ya ce, "Sa wannan, fata ce zalla, na rantse da abin da kake so in rantse da shi." Hikmat ya ɗauka ya juya tafin ya duba tukuna, sannan ya sa.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Duk takardar da bai iya karantawa ba, daga ranar, a wani akwati yake ajiye ta, har akwatin ya zama uku, Wajiha na mita ba wurin shimfiɗa. Kansa dai bai ƙara miƙewa ba, wuyan ya riga ya saba. Amma ita ta ce ran Juma'ar nan da ya dawo ya cinye miyar da ta huce, ya nemi ƙari.